Fumfunar Bayan Sif

Likita ba ta ɗaga murya ba, amma kowa a ɗakin ya ji abin da ta faɗa.

"Yau da ƙarfe huɗu zan sallami Ƙarama," ta ce tana rufe katin. "Sai dai ki ji ni da kyau, Maman Biyu. In kika mayar da ita ɗakin nan da kuke haya, kafin sati biyu za ku dawo mini. Kuma ban yi miki alkawarin za ku iso a kan lokaci ba."

Na ce to.

Kwana shida ke nan ba ni da wata kalma sai to. A ce in sayo magani, to. A ce in riƙe mata robar iska a hanci, to. Ko kuka ban yi ba. Matar gadon kusa da mu har ta tambayi mahaifiyata a asirce ko ni ce na haifi yarinyar.

Ni na haife ta. Su biyu ne, Babba da Ƙarama, shekararsu biyar, ubansu ya rasu suna rarrafe. Wannan ne kwanciyar Ƙarama ta uku a daminar bana. Babba ma tana tari, idonta kullum ja, sai dai ita ƙirjinta ya fi ƙwari.

"Wannan baƙi-baƙin da kika ce yana fitowa a bango," likita ta ci gaba, "fumfuna ce, kuma ba datti ba ne kawai. Rai gare ta. Danshi take ci, tana sakin wata ƙura da ido ba ya gani. Ita yaran suke shaƙa suna barci. Muddin bangon yana jiƙe, ko sau ɗari aka goge za ta dawo."

"Ai ana shafa mana fenti," na ce.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Shi ya fi komai muni. An rufe ta ne kawai, ba a kashe ta ba."

Na sake cewa to.

*

A baranda na tarar da su suna jirana, Inna a kan benci, Baffan yara a tsaye yana kaɗa makullin mota. Wan mahaifinsu ne. Tun jiya da asuba ya kamo hanya daga garinsu, tafiyar wuni guda, kuma ba dubiya kaɗai ta kawo shi ba.

"Na ji abin da likita ta ce," ya fara, ko gaisuwata bai gama amsawa ba. "Ba faɗa na zo yi ba. Kin yi ƙoƙari, kowa ya sani. Amma jinin ƙanena ne, ba zan zuba ido bango ya cinye su ba. In ƙarfe huɗu ta yi ba ki da busasshen wurin da za su kwana, da su zan koma, su biyun."

"Baffa, ba su taɓa kwana ba ni ba."

"Yaro mai sabo ne. Gara su yi kukan kewa da mu yi kukan rashi."

Ya juya ya tafi wajen motarsa. Na tsaya ina kallon wata tsaga a simintin barandar. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Gidan Inna ba mafita ba ne. Ɗaki ɗaya take zaune a gidan yayana, da jikoki shida da hayaƙin girki har cikin gado. Ni kuwa na riga na biya hayar shekara, kuma mai gidanmu ba ya amayar da abin da ya haɗiye. Sau huɗu ina kai masa kukan bangon, sau huɗu yana ce mini damina ce, kowa ma haka yake fama.

Inna ta kamo gefen mayafina ta zaunar da ni. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da makulli ɗaya ɗaure da jan zare.

"Mai Katifa ne ya aiko. Saman shagonsa, ciki da falo, taga gabas taga yamma. Ya ce yau ɗin nan ku shiga. Ni zan zauna da ku har a ɗaura."

"Har a ɗaura me, Inna?"

"Akuya. Kin ji ki da tambaya."

Shekara biyu Mai Katifa yana aike ina cewa a ba shi haƙuri. Ba mugu ba ne. Matarsa ta rasu, ƴaƴansa sun girma, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Laifinsa ɗaya, duk hirarsa inci ce. Ya zo zance sau uku, sau uku na koma ɗaki na san bambancin katifa mai inci shida da mai inci goma, ban san ko ya lura da launin kayan jikina ba.

"Inna, kin san na yi wa wani alkawari."

"Mai Fenti? Wanda shekara ɗaya da rabi yake ce miki yana haɗa kan kaya? Ko gini yake da allura ai ya ci a ce ya kai linta." Muryarta ta karye, ta goge ido da bayan hannu. "Ƴar nan, ni na riƙe ƙafar Ƙarama ranar da leɓenta ya yi shuɗi. Ke kina tsaye kamar an dasa ki. Ban hana ki so ba, na san daɗinsa, ni ma ba da furfura aka haife ni ba. Amma so ba ya shaƙar wa yaro iska."

"Ya ce zai gyara ɗakin. Yana can tun safe."

"To je ki gani. Makullin yana nan a bakin zanena har ƙarfe huɗu."

*

Na isa gidan rana tsaka. Tun daga tsakar gida na hango kayanmu a waje: katifar yara a jingine da bango, bayanta duk ɗigo-ɗigon baƙi, keken ɗinkina, buhun yadin mutane, takalman makarantar yara sun yi gashi fari-fari. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce ya mai jiki, na ce da sauƙi.

A nan tsakar gidan na fara ganin Mai Fenti, ranar da na zo duba ɗakin. Yana tsugune yana wanke buroshi, ni kuma ina riƙe da yara hannu bibbiyu. Ɗakin yana ta ƙyalli, ruwan madara, ƙamshin sabon fenti har waje. Na tambaye shi, "Malam, kai da ka yi aikin, ɗakin lafiya?" Ya ɗago ya kalle ni, ya kalli yaran, sannan ya ce, "Lafiya lau, Hajiya."

Daga baya wannan ya zama abin tsokanarmu. Yakan ce ya gyara mini ɗaki tun kafin ya san sunana. Ranar tarewa shi ya taya ni shigo da kaya. Duk bayan wata biyu ko uku, in baƙin ya fara leƙowa ta saman sif, sai ya zo da ragowar fenti daga wurin aiki ya shafe mini, ko ruwa ba ya yarda ya sha. Wasu ana kawo musu turare da atamfa, ni fenti ake kawo mini, kuma ina alfahari da hakan. Yara suna ce masa Kawu, ya ɗauke su ɗaya a wuya ɗaya a baya.

Na tarar da shi ya ɗaure hanci da tsumma, gashinsa duk farar ƙura, yana kankare bangon taga da ƙarfe.

"Kin zo," ya ce, ya sauke tsumman. "Ya Ƙarama?"

"Ƙarfe huɗu za a sallame ta."

"Taya ni mu ja sif ɗin nan. Shi kaɗai ya rage."

Muka kama, ni ta gefe shi ta gefe. Tun da aka ajiye shi ba a taɓa motsa shi ba. Ya yi ƙara ya biyo mu, bayansa ya ɓare ya zauna a jikin bango kamar jiƙaƙƙen kwali.

Sai wari ya buge ni.

Daga ƙasa har kusan rufi, bangon baƙi ƙirin ne, da kore-kore a gefe, yana naso. Fentin ya kumbura ya yi ƙuraje, wasu sun fashe ruwa yana bin su. Taku ɗaya daga nan nake shimfiɗa katifar yara, kan Ƙarama ta wannan ɓangaren, don ita ce mai jin tsoron ƙofa.

Maƙwabciyata da ta biyo mu ta saki salati ta toshe hanci ta fita da baya.

Shi bai yi salati ba, bai ko ja baya ba. Ya tsugunna kai tsaye a kusurwar hagu, kamu ɗaya daga ƙasa, ya ƙwanƙwasa da ƙotar ƙarfen.

"A nan yake. Bututun banɗakin bayan nan ne ya tsage a cikin bango. Sai an fasa nan an canza shi, a kankare har siminti, a bar shi ya sha iska."

Ni tela ce. In aka kawo mini rigar da na ɗinka shekara uku da suka wuce, ba na laluben inda na ɓoye kuskure, hannuna da kansa yake zuwa wurin. Haka na ga hannunsa ya je.

"Ya aka yi ka sani?"

"Aikina ne."

"Ba ka duba ko'ina ba. Ba ka ƙwanƙwasa ko'ina ba sai nan."

Ƙarfen ya zame daga hannunsa ya faɗi.

"Wa ya ce a sa sif a wannan bangon?" na tambaya. Muryata ko rawa ba ta yi, kamar ina tambayar awon hannun riga. "Ni a bangon ƙofa na so. Wa ya ce nan ya fi?"

"Maman Biyu..."

"Amsa za ka ba ni."

"Ni ne."

Ya zauna daɓas a ƙasa cikin ɓawon fenti. Da farko kafaɗunsa ne suka fara rawa, sannan kukan ya fito, irin na manyan maza, mai ban kunya.

"Haka na same shi ranar da mai gida ya kira ni," ya ce. "Bai kai haka ba, amma haka yake. Na gaya masa bututu ne, ya ce ba shawara ya kira ni ba, in rufe kafin masu dubawa su zo, in ba zan iya ba akwai masu buroshi da yawa a gari. Na shafa fenti mai mai, hannu uku. Haka aka koya mana, wallahi haka aka koya mana, mai mai yana toshe komai. Ban ko gama wanke buroshi ba kika shigo."

"Na tambaye ka."

"Kin tambaye ni."

"Da yara a hannuna."

"Na gan su." Ya share majina da tsumman. "Na buɗe baki zan gaya miki, sai na ga in na faɗa za ki juya ki fita, shi ke nan ba zan ƙara ganinki ba. Minti ɗaya da ganinki, amma abin da ya zo mini ke nan. Na ce a raina muni ne kawai, zan riƙa zuwa ina shafe mata. Wallahi tallahi ban san yana sa ciwo ba. Mu da muke wuni a cikinsa ba abin da yake mana."

"Da Ƙarama ta fara kwanciya fa? Da aka sa mata robar iska karo na farko?"

"Na yi zargi."

"Karo na biyu?"

"Na so in faɗa. Sau nawa ina zuwa ƙofar nan da maganar a bakina. Sai ki fito kina murmushi ki ce ga mai gyara mana ɗaki, sai in haɗiye. Kullum ina cewa bari in samu wani wuri in kwashe ku, sai maganar ta mutu ba wanda ya ji." Ya ɗago jajayen idanu. "Ki zage ni. Ki ɗauki ƙarfen nan ki buga mini. Don Allah kada ki tsaya kina kallona haka."

Na laluba cikina ina neman fushi, ban samu ba. Na nemi son ma, in ji ko ya mutu, sai na tarar yana nan inda yake, bai ragu ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. An ce so hana ganin laifi, ni kuwa ga laifin ina gani ƙuru-ƙuru, tsayinsa ya fi ni, kuma ban daina son mai shi ba.

"Kwana nawa bangon zai yi kafin ya bushe?" na ce.

Ya buɗe baki da sauri, sai ya rufe. Na ga lokacin da ƙaryar ta zo masa, na ga lokacin da ya mayar da ita.

"A daminar nan, wata biyu. In mai gida ya yarda a fasa."

"Kai ina kake kwana yanzu?"

"A shagon maigidana. Cikin gwangwanayen fenti."

"To."

"To me? Maman Biyu, to me?"

Na tsallake ƙafarsa na buɗe sif ɗin. Na zaɓi rigunan yara da ba su yi wari sosai ba, guda huɗu, na naɗe a ɗankwali. Na ɗauki katin rigakafinsu da almakashina. Yana ta magana a bayana, yana rantsuwa, yana cewa zai je ya durƙusa wa Baffa, zai kwana yana fifita bangon da hannunsa. Na ji duka, kamar rediyon maƙwabta.

A bakin ƙofa na ce masa, "Ka ɗaura tsumman a hancinka. Likita ta ce ba kyau a shaƙa."

*

Ƙarfe huɗu saura na koma asibiti. An riga an cire wa Ƙarama allurar hannu, tana zaune a cinyar Inna tana wasa da abin shaƙarta. Babba tana gefe tana ba ta labari.

Inna ta dubi ƙullin da ke hannuna, ta dubi fuskata. Na miƙa mata tafin hannu, ta kwance bakin zane.

"Kin tabbata?" ta ce a hankali. Ita da ta wuni tana tura ni, yanzu ita ce take kuka.

"Ki aika a gaya wa Mai Katifa."

"Ai yana waje tun azahar. Ya zo da motar shago, wai ko za a buƙata."

A bakin ƙofar asibiti motoci biyu suna tsaye. Baffa ya ga abin da ke hannuna, Inna ta yi masa bayani a taƙaice. Ya gyaɗa kai, ya ce zai bi mu ya ga wurin da idonsa, in ya gamsu gobe zai koma shi kaɗai. Ya shafa kan yaran, na ga kamar shi ma an sauke masa kaya.

Mai Katifa ya fito da sauri yana gyara hula, ya buɗe mana ƙofa da kansa. Bai san inda zai sa idonsa ba.

"Sannu, Maman Biyu. Sannu da jinya. Na sa an hau musu da sabuwa, tana cikin ledarta, ba wanda ya taɓa kwanciya a kai. Inci goma ce."

"Na gode, Alhaji."

"Ba komai, ba komai. Allah dai ya ba ta lafiya."

Muka shiga baya, ni da Inna da yara. Sai da aka rufe ƙofa na hango Mai Fenti a tsallaken titi, gindin wata bishiya. Ko wanke jiki bai yi ba, fari fat da ƙurar bango, yatsunsa biyu naɗe da tsumma. Bai tsallako ba, bai ɗaga hannu ba.

Babba ce ta fara ganinsa. Ta manna fuska a gilashi tana ɗaga masa hannu da ƙarfi.

"Ga Kawu! Mama, ga Kawu can!"

Ƙarama ta miƙe a kan kujera tana leƙe, numfashinta yana fita a hankali.

"Mama, ba da shi za mu tafi ba?"

"Babu wuri a motar."

Ta duba hagu, ta duba dama, ta ƙirga mu da yatsa.

"Akwai mana. Sai in hau cinyarki, shi ya zauna a nan."

Ta hau cinyata ba ta jira amsa ba, ta matse jikinta, ta bar masa wurin. Mai Katifa ya kalle ni ta madubi, hannunsa a kan makullin mota, yana jira.

Na zagaye Ƙarama da hannu biyu, na ji ƙirjinta yana hawa yana sauka a tafina.

"Mu je, Alhaji," na ce.

Har muka sha kwana ba ta yarda kowa ya matsa cikin wurin ba.